Akurkin Bajamushe

Mutanen Gure sun ce ni Ari idan na ga ɗan tsako sai in rantse jimina na gani. Ban musa ba, ina ƙara wa miya gishiri. Amma wannan labarin da gishirinsa ya zo, nawa zubawa ne kawai.

Yadda na bar gida ba abin faɗi ba ne. Wanda fari ya kwashe wa shanu ya bar shi da igiyoyi ba a raka shi da guɗa. Ku dai same ni a tashar Maiduguri, shekara guda bayan farin, da tabarma da buta da furfura uku a gemu, ina tambayar hanyar Duwala, don an ce mini can aiki ya fi yashin Kelle yawa, har roƙon mutum ake ya karɓa.

A tashar wani mai jar dara ya tare ni da Barbarci mai daɗi, har na ɗauka ɗan gwaggona ne da ya ɓata yana yaro. Ya ce, “Yaya, Kamaru za ka ba takarda? Ai jandarmominsu ɗanye za su cinye ka.” Ya ɓace, ya dawo da takarda mai hatimi uku, ɗaya har da hoton kan bijimi. Na ce wannan fa? Ya ce tambarin gwamnati ne. Na kwance rawanina, mai kyan kenan, na miƙa mishi ina godiya.

Jandarman bakin iyaka ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa, ya kira ɗan'uwansa. Suka yi dariya har ɗaya ya zauna ƙasa. Da Hausarsa ta koyo ya ce, “Kai ne bijimi, ja, shekara uku, mai yankakken kunne?” Ashe takardar allurar shanu aka sayar mini. Shekara talatin ina kai shanu allura, amma wanda bai shiga makarantar lakwal ba duk baƙi ɗaya ne a idonsa. Wuni guda suka sa ni ɗibar musu ruwa. Da la'asar babbansu ya ce tun da an yi mini allurar ciwon huhu ba zan sa wa shanun ƙasarsu cuta ba, in wuce.

A Garwa na yi wata biyu ina dakon auduga, har zazzaɓi ya kayar da ni gindin wani mangwaro a bakin kasuwa. Wata tsohuwa Bafillatana mai tallar nono ta tsaya kaina ta dubi zanen fuskata. Mu Mangawa, reshen Barebari, da Fulani abokan wasa ne, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a fushi. Ta ce, “Wa ya yar mini da bawa a nan?” Kwana tara tana kawo mini kindirmo, kowane ludayi da zaginta. “Sha, Babarbare, kar ka mutu in yi asara.” Ranar da na miƙe ta ce ɗan ƙanwarta, Buba, yana gadi gidan wani Nasara a Duwala, in ce mishi Inna Dija ta ce a jefa mini ƙashi.

Daga Ngaundare na shiga jirgin ƙasa, lokacin sabo ne. Tun da ya nutsa kurmi ban sake ganin bakin sama ba. Mu mutanen tudu idan ka hau rairayi kana hango raƙumin da zai iso gobe. Can kuwa hancinka ne iyakar duniya.

Sai Duwala. A Gure idan hadari ya haɗu har liman fitowa yake ya duba. A Duwala ruwan da ya fara ranar da na sauka, ina jin har yau bai ɗauke ba. Takalmina ya yi tsiro. Goron aljihuna ya yi gemu ya fi nawa. Ina kwana rumfar masallacin unguwar Hausawa, ruwa na dukana ta gefe, tari ya kama ni irin wanda in na yi sai ladan ya ɗauka an riga shi. In na rufe ido sai in ga kwarin garinmu, dabino da rogo da farar kanwa, da rairayin da mutum zai kwanta kansa ya tashi a bushe. Ga kuma ƴan sanda na kame. Duk baƙon da ba ya da takardar mai gida, wato shaidar cewa wani ya ɗauke shi aiki, sai a jefa shi mota. Don haka abin da nake nema guda ne: aikin da zai ba ni rufi da takarda, kafin tari ko ƴan sanda wani ya riga wani.

Da ƙyar na gano Buba a unguwar Nasaru. Dogo ne siriri kamar sandar kiwo, da tsohon kwat na soja. Na isar da saƙon Inna Dija. Ya zagaya ni yana dubawa kamar zai taya.

“Wannan bawan ya tsufa, haƙoransa ma saura. Me ka iya?”

“Kiwo, ubangijinka ya iya kiwo. Shanun da kakanka ya sata namu ne.”

“Kiwo?” Sai ya zaro ido. “Kai, Allah na son Barebari, ban san dalili ba. Madam, matar mai gidan nan, tana neman mai kula da barje.”

Buba ya ce ya sha Faransanci a soja har mafarki yake da shi. Ya bayyana mini cewa barje da Faransanci makiyayi ne. Wanda Madam ke jira kuma barje alman ne, alman kuwa Bajamushe. Wato makiyayi Bajamushe zai zo daga Turai ranar Asabar a jirgin sama, ana neman wanda zai tsaya mishi.

Aka kai ni gaban Madam. Mace ce busasshiya, rana ta gasa ta ta yi ja kamar kilishi, da sigari a baki, da wandon da ko yarinya ƴar bakwai ba za ta sa a Gure ba. Buba ya nuna ni ya ce barje ne daga Nijar. Ta tafa hannu ta yi dariya, ta ce barje zai kula da barje, madalla. Ta yi ta zuba, Buba na juya mini.

“Ta ce wata biyu gare shi.”

“Wata biyu da me?”

“Da fara aikin mana, wawa. Sabon hannu ne. Ta ce kai za ka ba shi abinci sau uku, ka zagaya da shi, ka yi mishi wanka.”

“Wanka? Ni? Namiji?”

“Haka suke. Ta ce kuma babban aikin, ka koya mishi kar ya yi bawali da bayan gida a cikin salon, wato falonsu. Ta ce tapin can, wato dardumar da ke shimfiɗe, daga ƙasar Farisa ya zo.”

Na yi salati a zuci. Ga mutanen da suka ƙera jirgin sama, amma makiyayinsu bai san hanyar bayan gida ba. Na ce da Buba ya tambaye ta ina shanun. Ya ce kar in cika tambaya kamar alƙali, shanu a jirgin ruwa za su biyo baya.

Sai ta zo kan maganar wurin kwana. Ta ce in je wurin minizye, mai aikin katako, in zaɓo akwatin da baƙon zai riƙa kwana ciki. Ta ɗaga yatsu uku: ya iya tsayuwa, ya iya juyawa, ya iya kwanciya. Kar ya fi haka, kar ya gaza. Ya zama da ƙofa mai sakata ta waje. Na dubi Buba. Ya ce, “Me kake kallona? Kai ka san abin da Jamusawa suka yi musu lokacin yaƙi? Ramuwa ce.”

Minizyen tsoho ne ɗan ƙasar, Papa Zan. Buba ya ce mishi akwatin kwana muke so na Alman guda, mai sakata ta waje. Tsoho ya ajiye zarto. Ya sa aka maimaita. Ashe kafin Faransawa Jamusawa ne suka mulki ƙasar, kuma sun taɓa shimfiɗe ubansa sun zane shi a bainar jama'a. Ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah da ya nuna mishi ranar da zai rufe Bajamushe.

Ya fara nuna mana abin da ke ajiye. Akwai wani babban kwando na gora, na ce Bajamushe in ya yi atishawa zai watsa shi. Akwai na waya, irin na masu aku amma babba, na ce a'a, ko arne ne yana da al'aura, ba za a bar shi kowa na leƙe ba. Ya jawo akwatin gawa irin nasu, sabo, yana sheƙi, ya ce wannan kyauta zai bayar. Na ce kwanciya ta samu, saura tsayuwa da juyawa. Babu dai wanda ya cika sharuɗɗan Madam uku, sai a ƙera sabo.

Muka yi awo da Buba, tun da shi ne dogo. Ya tsaya jikin bango, na ƙara taƙi biyu, don Papa Zan ya ce Jamusawa sai sun sunkuya suke shiga coci. Ya kwanta ƙasa, na ƙara kamu guda saboda takalmi. Ya buɗe hannuwa ya juya kamar mai rawar Fulani, na auna faɗi. Papa Zan ya zaɓo jan katako wanda gara ke karya haƙori a kai, ya yi rufin kwano, ya sa sandunan ƙarfe a ƙofa da sakata kamar ta gidan kaso. Kwana uku bai taɓa wani aiki ba.

Ranar Asabar da hantsi, Madam na filin jirgi, ƙarti takwas suka turo abin bisa amalanke, yara na biye. Ya ƙi shiga ƙofar salon, aka girke shi a barandar baya. Na sa rigata mai dama, na tanadi goro fari guda biyu na baƙo, Buba ya koya mini bonjur mushe. Har na shirya tambayar da zan fara yi mishi, ko shanun Jamus na da tozo.

Mota ta tsaya. Madam ta fito ita kaɗai, rungume da kwando. Na leƙa bayan mota, ba kowa. Na ce ko Bajamushen a ƙasa yake tafe, ka san makiyayi. Ta buɗe kwando, sai ga kwikwiyo, baƙi da ruwan ƙasa, kunne ɗaya tsaye ɗaya kwance. Ta sumbace shi a baki. A baki, jama'a. Ta miƙo mini shi ta ce, “Barje alman.”

Na dubi Buba. Buba ya dubi sama kamar yana lissafin hadari. Kukun gidan, wani mutumin kudu, ya riƙe ciki ya durƙushe. Shi ya gaya mana cewa sunan irin karen kenan, yadda muke cewa bajimin Azawak ko jar akuyar Maraɗi.

“Faransancin soja,” na ce da Buba. “Mafarki kake da shi ko? To yau ka farka.”

“Ai ban yi kuskure ba. Makiyayi ne, Bajamushe ne. Wa ya ce maka mutum ne?”

Kafin in ba shi amsa Madam ta zagaya baya ta ga akwatin. Ƙarar da ta yi, ina jin jiragen ruwa sun ɗauka alamar tashi ce. Ta shiga ciki da tsayinta, ta juya, ta fito, ta zazzaga mana zagin da Buba ya ce wannan kam ba a koya musu shi a soja ba. Amma katako ya riga ya yanku. Da ta huce ta yanke magana. Mushe, mijinta, yana kurmi wurin yankan katako, sai bayan sati uku zai dawo. Mabuɗin ɗakin boyi na hannunsa, shi ne kuma mai sa hannu a takarda. In ya dawo ya tarar kare ya daina ɓata gida, ɗaki da takarda nawa ne. In ko ya tarar da ɗigo guda bisa tapi, in koma inda na fito.

Sunan da ta raɗa wa karen Sultan. Ni mutumin ƙasar Damagaram, bakina bai iya kiran kare da wannan suna ba. Bajamushe na ci gaba da ce mishi.

Kwana huɗun farko, kar ku tambaya. Abu kamar butar shayi, amma abin da ke fita cikinsa sai ka ce raƙumi ya sha kanwa. In aka rufe shi a akwatin, sai ya taka har kusurwar gabas ya yi abinsa, ya dawo kusurwar yamma ya miƙe ƙafa. Me zai dame shi? Gida na gina mishi har da bayan gida. In aka sake shi kuma ya saba, ko'ina kusurwa ce. Sau biyu ina cafe shi a sama yana shirin tsugunawa kan tapi. Ni da na yi kiwon shanun da in sun taso ƙura sai a ce yaƙi ne, ga ni da tsumma da bokiti ina bin gindin kare. Madam kuwa nama take yanka mishi, jan nama marar ƙashi, da madarar gwangwani, da ƙwai. Ni da Buba rogo da ruwan barkono. Ranar da kare ya yi atishawa har likita ya zo da jaka. Ni ina gefe ina tarin da ke girgiza kwano, likitan ya ce in matsa kar in sa wa Sultan.

Rana ta biyar ina wankin kusurwar gabas sai yanyawa ta faɗo mini a rai. Muna yara a tuddan Gamu mukan haƙa ramin yanyawa don ɓarna. Rami ne mai tsawo, amma can ƙarshe inda take kwana daidai jikinta ne, ta shiga, ta juya, ta naɗe. Kuma ban taɓa samun kashi a wurin ba, ko sau ɗaya. Dila ma haka. Duk dangin kare ba sa ɓata makwancinsu in makwancin bai fi su ba. Ashe yatsun Madam uku gaskiya ne, ta dai haddace abin ne ba ta san dalilinsa ba, kamar aku.

Na koma wurin Papa Zan. Da ya ji Bajamushen kare ne ya zauna bisa akwatin gawar nan, sai da na ba shi goro. Duk da haka ya yanka mini allon katako guda, ya zo ya buga ƴan sanduna a bangon akwatin ta ciki, yadda za a zura allon a raba ɗakin biyu, a kuma matsar da shi gaba in ana so. Na dubi tafin ƙafar kwikwiyon na ce a yi matakai da yawa. Makiyayi daga kofato yake gane girman ɗan maraƙi, wannan kuwa tafinsa kamar faifai, jaki zai zama.

Aka ware wa Bajamushe daidai jikinsa. Sauran filin, wanda ya fi rumfar masallaci bushewa sau dubu, na shimfiɗa tabarmata. E, na faɗa. A akurkin kare na kwana sati uku da ƴan kai, allo tsakaninmu. Salla dai can gindin gwanda nake yi, don na san mala'iku ba za su shiga wannan ɗaki ba ko da goron gayyata. Buba kullum da safe sai ya zo ya ƙwanƙwasa sandunan ƙarfe.

“Salamu alaikum, masu gida. Wanne ne Sultan, wanne ne bawan?”

“Wanda ya kwana a ruwa yana gadin mai akurki, shi ne bawan.”

Sauran aikin kiwo ne tsantsa. Kowane ɗan dabba, maraƙi ne ko ɗan akuya, lokacinsa biyu ne: in ya tashi barci da in ya cika ciki. Da ya buɗe ido sai in sungume shi zuwa bayan garejin mota, wuri ɗaya kullum, in tsaya kansa cikin ruwa har ya yi. In ya yi in ce, “Madalla, Bajamushe, ka fi iyayen gidanka.” In ya ci, haka. In na ga ya fara shinshina ƙasa yana kewaya, haka. Ban taɓa dukansa ba, dabbar da aka daka tsoro take koya, ba hankali ba. Kwana uku ya yi kuka a bayan allo, a na huɗu ya gane. Ya zama in abin ya matse shi sai ya karci allo da farce, in ce, “Na ji, ranka ya daɗe.” Kafin sati biyu shi da kansa ke zuwa bakin ƙofar salon ya zauna yana kallona. Na matsar da allo mataki guda, don har ya fara cika wurin.

Madam ta riƙa kiran ƙawayenta suna shan abin shansu suna kallo. Ta ce musu ita ta ƙirƙiro dabarar allon, a wani littafi ta gani. Ɗaya ta tambaya ko ina cizo, ni, ba karen ba. Buba ya rantse haka ta ce, amma kun dai san Faransancinsa.

Mushe ya dawo ranar wata Laraba. Ƙato ne, tumbi gaba kamar mai cikin tagwaye, gashi har a kunne. Ya durƙusa da hannu da gwiwa ya shinshina tapi kusurwa huɗu, na ce to ga wanda ya kamata a yi wa akwati. Bai ji komai ba. Ya zagaya ya ga akwatin, ya ƙwanƙwasa katako ya yaba, don sana'arsa ce. Ya zura allo ya zare ya yi dariya. Kwana biyu yana lura da kare. Ranar Juma'a ya kira ni da Buba baranda, ya dafa kafaɗata, ya yi magana mai tsawo yana murmushi. Na ga Buba ya daina juyawa.

“Me ya ce?”

“Ya ce aikinka ya yi kyau.”

“Wannan na gani a haƙoransa. Sauran fa?”

“Ya ce kare ya koyu sarai. Tun da ya koyu, ba a bukatar mai koyarwa. Kuku zai riƙa buɗe mishi ƙofa. Ranar Litinin ka kama gabanka.”

Na ce a tuna wa Madam alkawarinta. Ta ɗaga kafaɗa ta hura hayaƙi ta ce ita cewa ta yi za a duba. Mushe ya ƙara da cewa zai ba ni tsohuwar hularsa ta rana. Hular rana, a Duwala.

Da suka shige Buba ya ja ni bayan gareji. Yau babu bawa babu ubangiji a bakinsa. Ya ce, “Ari, kai ka ɗaure, kai za ka kwance. Kare ya koma ɓarna, su koma neman ka. Zare allon nan.”

Na zare. Na kuma dama mishi madara da ƙwai har cikinsa ya yi kamar salka, na rufe shi a filin nan duka, gabas da yamma, na zauna nesa na toshe kunne. Tun azahar. Ya karci katako. Ya yi kuka. Ya je kusurwar gabas, tsohuwar ma'ajiyarsa, ya shinshina, na ce yauwa ɗan albarka, bismilla. Sai ya dawo bakin ƙofa ya zauna, yana rawar jiki, yana kallona ta tsakanin ƙarafa. Har la'asar ta yi sanyi bai yi ba. Ni na gaza, na zare sakata. Ya fita kamar kibiya sai bayan gareji. Da ya gama ya dawo yana kaɗa wutsiya, yana jiran in ce madalla.

Buba ya ce, “Ka ga illar aikin Barebari, ko ɓatawa ba ku iya ba. To saura hanya ɗaya. Ga shi can ya ajiye maka da zafinsa. Jibi Lahadi suna tafiya coci da hantsi, kuku na kasuwa. Ka ɗauka ka kai tsakiyar tapi. Wa zai ce ba shi ba ne?”

Da hantsin Lahadi na sami ganyen ayaba na kwashi na safiyar, na shiga salon ba takalmi. Na tsaya tsakiyar tapin Farisa. Tari ya taso mini, na danne. Rufi da takarda, ga su a tafin hannuna cikin ganye, abin da ya rage in juya hannu kawai. Sai na ji motsi. Bajamushe ya biyo ni, ya zauna bakin ƙofa inda ya saba, kunne ɗaya tsaye, yana duban hannuna yana duban fuskata. Na san abin da Mushe zai yi, don na ji yana gaya wa kuku yadda ake yi a garinsu: a kama wuyan kare a dirza hancinsa ciki, a bi da bulala. A gidan nan kaf, mai dogon wando da mai gajere, shi kaɗai aka yi alkawari da shi ya riƙe. Ga ni kuma, Ari ɗan Malam Gaji, da furfurata, tsaye a ɗakin mutane da kashin kare a hannu zan yi wa kwikwiyo ƙazafi.

Na fito. Na wurga ganyen ta kan katanga, ya faɗa lambun maƙwabci, shi ma Nasara ne, su ƙarata can. Na wanke hannu sau bakwai, na ƙara na takwas don kaina. Na mayar da allo mazauninsa, na matsar da shi mataki guda, don kuku ba zai tuna ba.

Ranar Litinin na naɗe tabarma. Ruwa ake kamar an fasa sama. Madam ba ta fito ba, hular ma an manta. Buba na bakin ƙofa, ya tuɓe kwat ɗin sojan nan da ko wanki ba ya yarda a yi mishi, ya jefa mini a ka.

“Ungo. Kar a ga bawana a jiƙe a ce ubangijinsa matsiyaci ne. Wawa kawai, ka sayar da ɗaki saboda kare.”

“Saboda makiyayi dai,” na ce. “Ba kai ka fassara ba?”

Kwana tara bayan haka ƴan sanda suka tare ni a bakin kasuwa suka ce takarda. Na laluba aljihun kwat, na laluba na riga, na ce musu wanda zai yi mini shaida yana nan unguwar Nasaru, Bajamushe ne, mutumin kirki, sai dai bai iya sa hannu ba. Ba su yi dariya ba. Gwamnatin Kamaru ta kai ni bakin iyaka a motarta, ko dala ban biya ba, na iso Gure ana yankan gero.